Alli, Garma da Takardar Digiri: Malanta a Kudancin Kano Kamar Yadda Na San Ta

Idan ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma a Kiru ko Bebeji, ko ka zauna a rumfar dillalan shinkafa a Tudun Wada, ko ka halarci taron siyasa a Doguwa, ka tambayi masu furfurar wurin aikin da suka fara cin abinci da shi, da yawansu za su ce maka koyarwa. Wani ya yi shekara biyu a aji, wani ya yi goma sha. Sunan Malam bai sake su ba har yau, amma alli ya daɗe da barin hannunsu. Ni na shiga wannan aiki a tsakiyar shekarun 1980 da takardar malanta ta Giredi Tu, na taɓa barinsa na dawo, na yi ta ƙaro karatu ina kan aiki har na kai digiri na biyu, yanzu ga ni a bakin ritaya. Abin da tsawon zaman nan ya nuna mini shi ne, a sana'armu duk lokacin da malami ya ƙara ilimi, tsarin aikin sai ya ɗauke shi ya nisanta shi da yaran da suka fi kowa bukatarsa.

Abin ba yau ya fara ba. Tun 1909 da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, babbar tambayar ita ce wa zai koyar. Don haka aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, domin ta riƙa yaye malaman makaranta. Ta kuwa yaye su, na ji da gani. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi, Abubakar Imam a ta Katsina. Bayan an mayar da kwalejin zuwa Kaduna a 1938, ta fitar da Aminu Kano da Shehu Shagari da Maitama Sule, dukkansu kuma sun riƙe alli. To, ina suka ƙare? Ahmadu Bello ya bar aji ya zama hakimin Raba, daga baya Firimiya. Imam ya koma Zariya, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ɓalewa da Malam Aminu kuwa su ne ya kamata mai bin tarihin ƙaro karatu ya fara dubawa. An tura su Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a tsakiyar shekarun 1940, ɗaya bayan ɗaya, don su dawo su inganta koyarwa. Malam Aminu ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru, a 1950 ya ajiye aikin ya rungumi NEPU. Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, domin Arewa ba ta da wasu 'yan bokon da za ta tura majalisa in ba su ba. Amma tun daga wancan zamani aji ya zama zaure, ta nan ake bi a shiga cikin gida, ba a nan ake kwana ba.

A yankinmu boko ya iso a makare, kuma da ƙafar En'e ya iso. Tsofaffin malamanmu sun sha ba mu labarin 'yan makarantun elemantare na garuruwan hakimai, yadda ake ɗora wa dagaci alhakin kawo yara, yadda wasu iyayen ke ɓoye nasu a ƙauyen dangi har mai rubuta suna ya wuce. Yaron da ya yi fice shi ke wucewa Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Malamin lokacin albashinsa ba mai yawa ba ne, amma yana zuwa a kan kari, kuma gari na bukatarsa. Shi ke karanta wa mutane wasiƙar ɗansu da ke soja ko cirani, shi ke karanta jarida a ƙofar fada, da yamma ya ɗauki manya a ajin Yaƙi da Jahilci. Yana da kekensa Rali, yana da farar riga. Abin da ya fara kwantar wa iyaye hankali da makarantar kuwa shi ne ganin malamin Arabiyya a cikinta. Makarantar Koyon Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta yi wa boko aikin da bulalar dogari ba ta yi masa ba.

UPE ce ta juya komai. Gwamnatin Gowon ta tsara shirin, ta Obasanjo ta ƙaddamar da shi a Satumbar 1976: firamare kyauta ga kowane yaro. Ina cikin 'yan aji na tsakiya a lokacin, ina kuma tuna yadda makarantarmu ta cika ta batse. Aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa a ƙauyukan da ke kewaye da Yako da Dangora, da na bayan Tiga, har zuwa na cikin duwatsun Riruwai. Inda gini ya gagara aka zauna gindin bishiya. Malamai fa? Aka ɗebo waɗanda suka gama aji bakwai, aka ba su ɗan horo, aka miƙa musu rajista. Aka ɗauko wasu daga Kudu. A sakandare da kwalejojin horon malamai mun ga 'yan Gana da Indiyawa da 'yan Fakistan da Misirawa, ga 'yan hidimar ƙasa da aka fara turawa tun 1973. A wannan shekara ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don ta bi waɗanda aka riga aka jefa aji ta horar da su a can inda suke.

Ni ta kwalejin horon malamai na bi, shekara biyar a makarantar kwana, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin yaran yanzu ba su san abin da aka rasa ba. A can ba a fara koya maka wani fanni mai zurfi ba sai an koya maka tsayuwa gaban yara. Akwai darasi sukutum na rubutun allo: yadda za ka ja layi ya miƙe, girman harafin da ɗan bayan aji zai hango, inda za ka tsaya kada ka tare wa yara. An koya mana tsara darasi daki-daki, daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Mun yi kayan koyarwa da kara da yumɓu da murafun kwalba. Mun yi noma a gonar makaranta, mun yi aikin hannu, mun koyi waƙoƙin yara da wasannin motsa jiki. Sannan ga koyarwar gwaji, wadda kowa ke ce wa TP, inda malaminka zai zauna a bencin ƙarshe da jan biro yana rubuta duk motsinka, bayan an tashi ya kira ka ya faɗa maka sau nawa ka tambayi yara maza ka manta da mata. Mai Giredi Tu malamin aji ne, a ba shi aji ɗaya ya koyar da karatu da lissafi da kiwon lafiya da komai, ya san kowane yaro da gidansu. Jarrabawar ƙarshe tana da tsauri. Da yawa sun fito da abin da muke kira rifad, wato sun faɗi wasu takardu, suka yi shekaru suna sake zama a ƙarƙashin NTI kafin su cike.

Na fara aiki a wata firamare ta ƙauye da murnata. Ba a jima ba gwamnatin Babangida ta kawo shirin tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta faɗi, albashin da ke kai mutum ƙarshen wata ya koma ba ya wuce tsakiyarsa. Sannan biyan malamin firamare ya shiga yawo tsakanin hukumomi. A 1988 aka kafa hukumar firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka mayar da mu hannun ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. A tsakanin nan an yi lokutan da wata ke bin wata ba a biya ba. Mai kanti ya daina ba malami bashi. Wannan ne zamanin da martabar aikin ta karye, kuma har yau ba ta gama ɗoruwa ba. Abokan karatuna suka watse: wasu kwastan, wasu ɗan sanda, wasu sakatariya da aka yi ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, wasu siyasar SDP da NRC.

Ni hatsi na shiga. Da kaka in bi kasuwannin ƙauye in tara masara da dawa, in yi lodi zuwa Dawanau. Na samu kuɗin da ban taɓa riƙewa ba a koyarwa, na yi rufin kwano, na sayi babur. Abin da ya dawo da ni a kasuwar na gamu da shi. Nakan haɗu da yaran da na koyar sun zama samari. Wanda ya kai ƙarshen firamare zai ɗauki biro ya buga lissafin buhunansa, ba mai cutarsa. Ƙanensa kuwa, da ya shiga makarantar bayan malamai sun watse, sai ya tsaya yana kallon bakin dillali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda da can ba ya son boko, shi ne ya kira ni zaure wata rana bayan isha'i. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kama sunana. Ya ce, "Malam, awo kowa ya iya. Wancan aikin kuwa ba kowa ba." Na ce, "To, Baba." Da sabuwar shekarar karatu na koma aji.

Na dawo na tarar ƙasa ta motsa. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sa gaba cewa NCE ce za ta zama mafi ƙarancin takardar malami, aka kuma kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989. Kwalejojin horon malamai aka riƙa mayar da su sakandare ɗaya bayan ɗaya. Masu hali suka tafi kwalejin ilimi ta Kumbotso, wadda daga baya ta ɗauki sunan Sa'adatu Rimi, ko ta tarayya da ke Kano, ko ta Bichi. Mu masu iyali muka shiga NCE ta NTI: Asabar da Lahadi a cibiyar karatu, sauran kwanaki a aji, da dare a buɗe littattafan kwas gaban fitilar ƙwai, shekara huɗu. Na ƙaru ƙwarai, ba na musu. Amma hukuncina a kan wannan sauyi bai canza ba: an ɗaga takarda, an sauke horo. NCE mai fanni take fitarwa, Hausa da Nazarin Zamantakewa, ko Turanci da Addinin Musulunci, alhali aji ɗaya na firamare ba ya tambayar fanninka. Akwai kwas na musamman na koyarwar firamare, amma kaɗan ke zaɓarsa, don ana ganin ƙasƙanci ne. Daga baya ma kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda jami'a ba ta ɗauka ba, har makin shiga na JAMB ya sauko 100. Yaro zai zo mini da NCE mai kyau, ya san ka'idojin Piaget, amma bai taɓa ganin yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali ba.

Mu mutanen wannan yanki jami'o'i biyu muke hange, kuma Kwanar Dangora ce ke raba mana hanya: kudu Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, arewa Kano, inda Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Digirina na farko a karatun dogon hutu na yi shi. Wanda ya tsara wannan shiri ya yi wa malamai gata, amma dogon hutu shi ne tsakiyar damina. Lokacin da masara ke neman taki na biyu kana ɗakin lacca. Maiɗakina da ƙannena su suka riƙe gonar, ni kuwa in dawo ranar Juma'a da yamma in zagaya ta kafin magariba. Me ya sa muke wannan wahala? Mai NCE a mataki na 7 ake ɗaukarsa, mai digiri a na 8, kuma akwai rufin da mai NCE ba ya wucewa komai daɗewarsa a aiki. Sai dai ranar da ka kawo takardar digiri, ranar ake fara yi maka maganar komawa sakandare ko ofishin ilimi, kamar zaman mai digiri a aji biyu asara ce.

Digiri na biyu wata duniya ce daban. Ka nemi gurbi, ka nemi takardar sakin aiki, in ba ta samu ba ka roƙi abokin aiki ya riƙe maka ajinka ku yi musanya. Ka yi sammako ka tari mota a bakin titi, ka yini a lacca, ka dawo bayan isha'i ka tarar da tulin littattafan yara na jiran maki. Bayan kwasa-kwasai sai a shiga kundi: kare take, kare shawara, fita fili, sannan a zauna gaban malaman sashe, daga ƙarshe gaban mai jarrabawa na waje. Yajin aikin malaman jami'a na 2009 ya same mu a tsakiya, ya ƙara mana watanni. Kuɗin kuwa daga rumbu suka fito. Kowane zango yana da buhunan masararsa, ɗinkin kundi ya ci rago. A nan ne na gane wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Asusun TETFund, tun da aka sake masa fasali a 2011, yana ɗaukar nauyin malaman jami'a da na kwaleji su yi digiri na biyu da na uku. Gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 501 ƙasashen waje yin digiri na biyu a 2012, ta Abba Kabir Yusuf ma ta farfaɗo da shirin, kuma abin yabo ne. Amma malamin firamare mai 'ya'ya shida a Karefa ko Zuwo ba shi cikin ko ɗaya daga waɗannan layuka. Shi da aljihunsa ne.

Duk da haka da za a ce in sake, zan sake. Bincikena a kan koyon karatu da harshen uwa na yi shi, abin da manufar 1977 ta tanada wa azuzuwan farko, wanda kuma Farfesa Babs Fafunwa ya gwada da Yarbanci a Ife tun 1970. Malamin da ya duba ni, Allah ya saka masa, ya hana ni zama in raba takardun tambayoyi in tattara. Ya ce in je in saurari yaran da kunnena. Na bi makarantu ina zama da yara ɗaya bayan ɗaya, in miƙa wa kowa ɗan gajeren labari da Hausa. Abin da na gani ya hana ni barci. Yaro ɗan aji huɗu zai rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, amma ya kasa karanta kalmar gida. Wannan yaron kuma da ka miƙa masa allonsa na makarantar asuba sai ya karanta ba gargada. Ke nan kan yaron lafiya lau yake. Alaramma ya zauna da shi ya bi da shi baƙi-baƙi, sannan farfaru, bai wuce da shi ba sai da ya iya. Mu kuwa muna bin manhaja muna gudu, da harshen da yaron bai ji ba, malamin ma bai gama ji ba. Na yi shekaru ina jin haka a jikina, amma karatun ne ya ba ni hanyar aunawa da bakin faɗa. Da na ga shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato daga baya, na san ba ni kaɗai na hango ba.

Ranar da na karɓo sakamako, gaisuwar kowa ɗaya ce: "Malam, sai kwaleji ke nan?" Waɗanda muka yi karatun tare kusan duk sun tafi. Wasu sun zama laccarori, wasu sun shiga shirye-shiryen ƙungiyoyin waje irin su ESSPIN, wasu suna hedikwata. Ni ma an ɗauke ni an kai ni ofishin ilimi, na yi 'yan shekaru ina zagayen duba makarantu da cike fom, kafin na roƙa a mayar da ni makaranta. Hanyar da manyanmu suka bi ke nan. Malam Ibrahim Shekarau malamin lissafi ne, ya shugabanci makarantu har da Kwalejin Rumfa, ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011, ya yi ministan ilimi. Dakta Abdullahi Ganduje da NCE ya faro. Hukumar rajistar malamai ta TRCN, da dokar 1993 ta kafa, ta kasa mu gida huɗu, mai digiri na uku a sama, mai NCE a ƙasa. Je ka ƙirga 'yan rukunin sama nawa ne ke tsaye gaban 'yan aji ɗaya a ƙananan hukumomin nan huɗu.

Akwai wani ɓangare na rayuwar malami da ba ya shiga fayil, alhali shi ke riƙe da waɗanda suka zauna. Ban san malamin ƙauye ko ɗaya a wannan yanki da ba ya noma ba. Na Tudun Wada da shinkafarsa, na Doguwa da masararsa, na kusa da Tiga wani har da ƙugiyar kamun kifi. Ni bayan gona ina kiwon tattabaru tun ina saurayi, ina da rediyon da ba na rabuwa da shi, ina bin Kano Pillars, kuma na yi murna kamar yaro a shekarun da ta ci kofi uku a jere, 2012 zuwa 2014. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani tsohon littafin rajista da nake rubuta sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye kamar yadda mafarauta da Fulanin gefen dajin Falgore ke kiransu, tare da tatsuniyoyin da tsofaffi ke ba jikoki. Duk waɗannan aji suke komawa. Da buhu mai kwano arba'in nake koyar da rabawa. Da teburin gasar ƙwallo yaran da suka tsani lissafi suke koyon tarawa da ɗebewa. Tatsuniyoyin nan su na mayar gajerun labaran da 'yan aji biyu ke karantawa. Abubakar Imam yana malamin Midil ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Bayero da koyar da kimiyya ya fara, digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan makarantun kimiyya na Kano ya yi shi, ya zama farfesa a 1997. Sha'awarsa ga littattafan Hausa na zamani da finafinai da kiɗa ita ta kai shi ga zama farfesa karo na biyu a fannin sadarwa a 2012, kafin ya shugabanci jami'ar NOUN daga 2016 zuwa 2021. Malamin da ba ya sha'awar komai a wajen aji, da wuya ya sa yaro sha'awar wani abu a cikinsa.

Gaskiya kuma ɗaya ce, abin yana da iyaka. Na zagaya makarantu da damina na tarar da aji ba malami, yana gona. Na ga wanda ke sa hannu a rajista da safe ya hau babur ya tafi acaɓa, na ga wanda karatun digirinsa ya cinye masa Alhamis da Juma'a har shekara uku, yara na zaune. Na san matsin da ya kai su, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai ko'ina ba a kasuwar yau. Amma yaron da aka bari a aji bai ci bashin kowa ba, kuma ba zai sake zama ɗan shekara bakwai ba.

Nisa da tsoro sun ƙara wa yankinmu nauyi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana har da sakandaren Kafin Maiyaki da ke Kiru, da kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Tudun Wada. Malamin da aka turo daga birni yana isowa yake fara neman hanyar komawa. Malamai mata kuwa, waɗanda ganinsu ke sa uba ya bar 'yarsa ta gama firamare, yawancinsu a birni aure ya ajiye su. Ba za mu ce ba a san da mu ba. Biyu daga cikin kwamishinonin ilimi na 'yan shekarun nan 'ya'yan yankin nan ne, Muhammad Sanusi Sa'id Kiru da Umar Haruna Doguwa. An ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, an gyara azuzuwa, an ɗauki sababbin malamai. Dokar tarayya ta 2022 ma ta ƙara wa malamai wa'adin aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Abin da ban gani ba shi ne tsarin da zai sa ƙwararre ya zauna a aji da son ransa.

Roƙona ga Hukumar SUBEB da Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da 'yan majalisarmu shi ne a buɗe wa malamin aji hanyar hawa har ƙololuwar mataki ba tare da ya ajiye alli ba, yadda mai digiri na biyu da ke koyar da aji ɗaya zai ɗauki albashin takwaransa na ofis. A ware wa malaman firamare na karkara nasu kason na tallafin ƙaro karatu, da hutu mai albashi, bisa sharaɗin su dawo makarantar da suka baro su yi shekarun da aka yanka musu. A nemo tsofaffin masu Giredi Tu da suka rage kafin su ƙare, a haɗa kowane sabon malami da ɗayansu ya yi shekara guda a ƙarƙashinsa. A gina wa malamai mata ɗakunan zama kusa da makaranta, a kuma biya alawus na karkara mai ma'ana. In kuɗin ba za su isa jiha baki ɗaya ba, a fara da ƙauyukan da ke bayan dajin Falgore, domin can ne malami ya fi wuyar zama.